Sakatariyar Baba Ta Yi Shiru

Kwamfutar Baba ba ta da allo. Ba ta kuma da linzamin nan da ake ja a kan tebur. Baƙin akwati ne kawai tsaye a ƙarƙashin tebur, sai kibod wanda haruffansa suka goge saboda dannawa, sai 'yar lasifika guda. Tun shekarar da idanunsa suka ƙarasa rufewa ya kyautar da allon, wai ba zai zauna yana shan wuta da ƙura ba alhali babu mai kallonsa. Na yi masa surutu a lokacin, don ni ba na iya ganin abu in kama bakina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, in kallo kike so ki tafi gidanki, akwai talabijin."

Abin da yake da shi a madadin allo murya ce. Wata manhaja ce a cikin kwamfutar, tana karanta masa duk abin da ya danna da duk abin da ya buɗe, da muryar mace, da gudu kamar an biyo ta. Ni ko kalma ɗaya ba na tsinta, shi kuwa har musu yake yi da ita. Sakatariya yake ce mata. In ka shigo da safe za ka ji shi yana faɗa, "Ke Sakatariya, ban ce ki karanta min wannan ba," ita kuma tana ta zuba abinta.

Baba tafireta ya buga a ofis har ya yi ritaya, amma yatsunsa suka ƙi bin sa ritayar. Likitoci da malaman jami'a ne ke turo masa maganar da suka naɗa, hira ko lacca ko bayanin bincike, ya sa abin kunne ya saurara, ya mayar musu da ita rubutu tsaf, babu kalmar da ta faɗi. Da wannan aikin yake zaune shi kaɗai a ɗaki biyun da ke saman shagon masu faci, inda suka rayu da Mama har Allah ya yi mata rasuwa. Ya san gidan kamar yunwar cikinsa. Ya san inda tayil ya fashe a bakin kicin, ya san tagar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu, kuma kada Allah ya sa ka matsar masa da kofi daga inda ya ajiye.

Bara ne ya zame a matakala ya yi targaɗe. Yaya, babban wanmu, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya taso hankali a tashe ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ashe har ya gyara ɗaki a gidansa, a ƙasa, da ƙarfen riƙewa a bango da komai. Aka kai ruwa rana. A ƙarshe Baba ya ce, "Ranar da aikina ya tsaya ka zo ka ɗauke ni, ba zan yi maka gardama ba. Amma muddin ina aiki, a nan zan kwana." Yaya ya yarda don ba shi da yadda zai yi. Mu duka kuma mun san Baba ba ya magana biyu, ko da maganar ita za ta ci shi.

To wata safiya ina kantin maganin da nake aiki, ina fama da wata mata da ta dage sai na sayar mata da rabin kwalba, sai ga kiransa.

"Auta, Sakatariya ta yi shiru."

"Kashe ka kunna, Baba."

"Na kashe na kunna har yatsana ya yi zafi. Ki zo ki ji."

Da na je ya gwada min. Ya danna maɓallin akwatin, fanka ta tashi, can Sakatariya ta ce a sa kalmar sirri. Ya sa. Aka ji ɗan kiɗan nan na shiga, ta buɗe baki za ta faɗi inda ake, sai ta yanke a tsakiyar kalma kamar an toshe mata baki. Shi ke nan. Fanka na juyawa, 'yar fitilar gaba na ci, amma duk abin da ka danna ko gezau. Haka take yi kowane karo: lafiya lau har bakin ƙofa, da ta shiga sai ta sandare.

Na yi iya sanina, wanda bai taka kara ya karya ba. Na aro wata lasifikar na jona, shiru. Na bubbuga gefen akwatin kamar yadda nake yi wa fankar gidana, Baba ya ce in na ƙara dukar masa ma'aikaciya sai ya rama mata. Mai facin ƙasa ya hawo da shawarar a sauko da ita ya hura mata iska da injin taya. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin matakala.

Kwanaki suka fara tafiya. Likitocin suka kira, suka sake kira, daga baya wasu suka daina, abin da ya fi kiran ciwo. In na tashi daga aiki na biya, sai in same shi a kujerarsa, ya yi wanka ya sa kaya kamar kullum, hannuwansa biyu a kan kibod, ba ya danna komai. Gidan da kullum ke cike da surutun matar nan ya yi tsit, har ana jin ƙarar guduma daga shagon ƙasa. Wallahi tausayinsa ya riƙa kama ni, in shige kicin in sake wanke kwanon da aka riga aka wanke.

Baba da kansa ya gaya wa Yaya, don ba ya iya ɓoye abu. Yaya ya ce ai babu damuwa, zai sayi sabuwa dal, a kafa masa a ɗakinsa na can. Na karɓi wayar na ce me ya hana a kafa ta a nan? Ya ce, "Auta, ke ma kin san sabuwa sai ya yi watanni kafin ya saba da ita, wa zai zauna jiransa? Aikin ya tsaya. Kuma an yi alkawari." Gaskiyar da ke cikin maganar ce ta fi ba ni haushi. Duk gajerun hanyoyin da Baba ya yi shekaru yana koya wa wannan akwati a cikinsa suke, shi kansa ba zai iya faɗarsu da baki ba sai yatsunsa sun taɓa.

Washegari Baba ya ce, "Ki sauko min da babban akwatin nan na kaya."

"Ba zan sauko da shi ba."

"Auta."

"Baba, ka bar ni in gwada mutum ɗaya. In ya kasa, ni da kaina zan ninke maka rigunan."

Mutumin nan Malam Shiru ne, mai gyaran kwamfuta a lungun bayan kantinmu. Ba sunansa ba ne, halinsa ne ya jawo masa. In ka tambaye shi me ya lalace sai ya ɗaga kafaɗa, in ya gama gyara ya nuna maka da haɓa. Akwai wanda ya rantse ya daɗe yana kai masa aiki bai san yadda muryarsa take ba. Na zayyana masa komai, ya nuna min teburinsa, ma'ana in kawo ta. Na ce mai ita ya ce ko bakin ƙofa ba za ta leƙa ba, kuma tsoho ne, ba ya gani. Ya ɗauki jakarsa, ya ja ƙofar shagon ya rufe da rana tsaka. Wannan kaɗai ya isa in riƙa sa shi a addu'a.

Da muka hau ya gaida Baba da ɗan rusunawa, ya dubi teburin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya dubi bango. Sannan na ji muryarsa, siririya ce ashe.

"Ina allon?"

Sai a lokacin na tuna ban gaya masa ba. Mun saba har mun manta sauran mutane da ido suke aiki da kwamfuta. Na zaci zai yi tsaki ya tafi ke nan. Ya tafi ɗin kuwa, amma ya dawo, rungume da allo a ƙirji, linzami na lilo a wuyansa, gumi ya jiƙa masa riga.

Kafin ya ajiye kayan Baba ya ɗaga hannu. "Ɗana, ina da sharaɗi ɗaya. Ni da kunne nake gani. Duk abin da hannunka ya taɓa a jikin injin nan, bakinka ya faɗa."

Dariya ta ƙwace min. "Baba, Shiru fa ake ce masa."

"To yau ya huta da sunan."

Malam Shiru ya dube ni kamar wanda aka ce ya yi waƙa a tsakiyar kasuwa. Ya durƙusa, ya yi gyaran murya. "Na... na jona allo."

"A wace kafa?"

"Ta baya. Mai faɗin nan."

"Madalla. Ci gaba."

Baba ya sa kalmar sirri, allon ya kawo. Hoton wani bakin teku ne, da farin yashi da duwatsu, irin wanda ke zuwa da kwamfuta. Malam Shiru ya faɗa, tunda an ce ya faɗa. Baba ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina zaune a bakin teku, babu wanda ya gaya min." Kibiyar linzamin ta ɗan motsa, sannan ta ƙame. Agogon da ke kusurwar allon ma ya tsaya.

"Ba muryar ce kaɗai ba," in ji Malam Shiru. "Gaba ɗayanta ce ke sandarewa."

Daga nan ya shiga bin ta a hankali, yana yi yana faɗi, da farko kalma bibbiyu kamar ana zaro masa su da filaya, daga baya bakin ya ɗan saki. Ya kwance murfin gefe ya ce babu ƙura sosai, fanka na juyawa, babu zafin da ya wuce kima. Ya kara kunnensa a jikin ma'ajiyar da ke riƙe da ayyukan ya ce ba ta wani ƙara. Baba ya ce da ta yi, da shi zai fara ji. Sannan Malam Shiru ya ce zai tashe ta ta ƙofar baya.

"Wace ce ƙofar baya kuma?"

"Akwai yadda ake kunna ta ba ta ɗauko komai ba, sai abin da aka ƙera ta da shi. In ta sandare a haka, ciwon a jikinta yake. In ba ta sandare ba, wani abu ne da aka ɗora mata."

Ya danna abin da zai danna. Muka jira. Kibiya ta motsa, ta ci gaba da motsi, ya zagaya allon da ita ya dawo. Agogo ya ci gaba da tafiya.

"Ba ta sandare ba, Baba."

"Kayana fa?" in ji Baba, yana nufin ayyukan da ke cikinta.

"Suna nan. Duka."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ni kuma na ce alhamdu lillahi da ƙarfin da sai da mai faci ya ji daga ƙasa.

Malam Shiru ya ce saura a gano mai shaƙe ta. Zai zare duk wayar da ke bayan akwatin, a mayar ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce to a riƙa ba shi kowace a hannu, don tun da ya yi targaɗen nan bai ƙara durƙusawa ƙarƙashin teburin ba, amma wayoyinsa ya san su. Ashe kowace da alamarta. Ta kibod ya ɗaura mata zare, ta lasifika ya naɗa mata roba, ta abin takawar da yake tsayar da murya da shi in yana bugawa tana da ƙulli. Yana shafawa yana kiran sunansu kamar jikokinsa. Ta allon da ta linzamin ya ce baƙi ne, ya san da zuwansu.

Sai aka sa masa wata siririya mai santsi. Ya shafa ta sama, ya shafa ta ƙasa.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Zan bi ta in ga inda ta je," in ji Malam Shiru. "Ta bi ƙafar tebur, an manne ta da salatif. Ta bi gindin bango. Ta shiga bayan labule. Ta hau..."

Ya tsaya. Ya taka kujera, ya kai hannu saman katakon labulen, ya ƙame a haka. Na ɗaga kai na ga abin da ya gani. 'Yar kyamara ce baƙa, ba ta fi kan babban yatsa ba, ta leƙo ta tsakanin ninkin labule, idonta a kan kujerar Baba da ƙofar fita.

Nan take na san mai aikin, kuma na san yadda abin zai soki Baba. Na ɗora yatsa a leɓena, na girgiza wa Malam Shiru kai, nufina ya cire kawai, ya ce tsohuwar waya ce. Mutumin da duk unguwa ta sani da shiru, yau ga shi ana roƙonsa ya yi abin da ya fi iyawa. Ya dube ni, ya dubi tsohon da ke zaune da kan waya a hannu.

"Kun yi shiru irin na masu ido," in ji Baba. "Me kuka gani?"

"Baba, hannuna ya taɓa," in ji Malam Shiru. "Kyamara ce. Tana kallon inda kake zama."

A lokacin kamar in shaƙe shi. Yanzu kuwa duk sanda na tuna sai in gode wa Allah da bai biye min ba.

Baba ya miƙa tafin hannu, aka sa masa ita. Ya daɗe yana jujjuya ta, ya shafa gilashin da ɗan yatsa. Can ya ce, a hankali, "Zuwan yayanki na ƙarshe ya ce labulena ya saki, bari ya gyara min."

Ni tuni na zaro waya zan kira Yaya. Malam Shiru ya ce in dakata ya tabbatar tukuna, kada a ɗora wa abu laifin da ba nasa ba. Ya kashe manhajar da ta zo da kyamarar, wadda ke tashi da zarar an shiga, ya mayar da wayoyin Baba, ya kunna kwamfutar ta ƙofar gaba. "Sa kalmar, Baba." Ya sa. Kiɗan shiga ya yi. Sakatariya ta buɗe baki, ta faɗi inda ake, ta ƙarasa, ta wuce kan saƙonnin da suka taru, tana ta zuba kamar wadda ta dawo daga tafiya. Ban taɓa zaton zan yi murnar jin muryar matar nan ba. Yatsun Baba suka hau kibod suna gudu, fuskarsa ta washe.

Malam Shiru bai yarda ba sai da ya mayar da kyamarar da manhajarta ya sake gwadawa. Ta sandare. Ya cire, ta warke. "Ita ce," ya ce. "Amma wanda ya sa bai san za ta yi haka ba. Da farko suna zaman lafiya da muryar. Daga baya manhajar ta sabunta kanta, shi ne suke kokawa a bakin shiga, kowacce na son ta riga."

Ban tsaya jin wannan ba. Yaya na ɗauka na buɗe masa wuta. Na ce ashe leƙen asiri ya koma, ashe shi ya kashe wa Baba aiki sannan ya zo yana yi mana wa'azin alkawari. Na faɗi wasu maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Baba ya bar ni na kai aya, sannan ya ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji, in ajiye ta a tebur.

"Babba," ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yana ƙarami. "Ga kyamararka a hannuna."



"Baba, ka yafe min." Muryar Yaya ta dishe. "Wallahi ban san ita ce ta tsayar da kwamfutar ba. Da ta daina nuna min, na kasa tambaya don kada ka gane. Tun ranar da ka faɗi, in waya ta yi ƙara ina ofis sai gabana ya faɗi. So nake kawai in leƙa in ga kana zaune."

"Me ka gani?"

"Na gan ka kana aiki. Na ga kana haɗa shayi. Kana faɗa da Sakatariya."

"Ka ga na faɗi?"

"A'a, Baba."

"Ka ga na ƙone, ko na rasa ƙofa?"

"A'a."

Baba ya jinjina kai. "Abin da ka yi ban ji daɗinsa ba, ba zan ɓoye maka ba. Mutum ko ba ya gani yana da kunya, yana son ya san lokacin da ake kallonsa. Amma tsoron da ya sa ka, na san inda ya fito, kuma na gode. Ba kowane tsoho ne ke da ɗan da gabansa ke faɗuwa saboda shi ba." Ya jawo kibod. "Yanzu saurara."

Ya buga layi guda, Sakatariya ta karanto shi da gudunta.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Aikina bai tsaya ba."

"Bai tsaya ba," in ji Yaya. "Ka zauna a gidanka."

Na juya na fuskanci taga, don ban so Malam Shiru ya ga idona ba. Fushin duk ya bi iska, ya bar ni da daɗin da ban san inda zan sa shi ba.

Na ɗauka kyamarar kwandon shara za ta. Amma bayan an kashe waya Baba ya ci gaba da jujjuya ta, ya ce, "Ɗana, abin nan ba za a iya yin sa yadda ni zan buɗe, ni zan rufe ba?" Malam Shiru ya ce za a iya. Ya goge manhajar mai rigima gaba ɗaya, ya haɗa kyamarar da hanyar kiran da Baba ke magana da likitocin da ke ba shi aiki, ya kafa ta a kan tebur daidai inda hannu zai kai. Ya nemo murfin kwalba a kicin ya yi mata hula da shi, yadda Baba zai shafa ya san a rufe take ko a buɗe. Duk wannan yana yi yana faɗi, yanzu ba sai an tambaye shi ba, har yana ƙarawa da bayanin da babu wanda ya nema.

Da zai tafi Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe yana sa masa albarka, shi da iyayensa da abin da zai haifa. "Gyaran na gode," ya ce, "amma da ka gaya min abin da ka gani, wannan ya fi min gyaran." Na riƙe masa jaka da linzami har ƙasa, shi yana rungume da allonsa. A bakin titi na tattaro duk godiyar da na iya na zuba masa. Ya gyara riƙon allon ya ce, "Anti, muƙamuƙina ciwo yake," ya karɓi jakarsa ya tsallaka.

Da na koma sama na tarar Baba ya canza riga, ya sa wadda yake ajiyewa don fita, yana taje gemu. Ya tambaye ni ko hularsa ta zauna daidai, na ɗan gyara masa. Ya zauna, ya miƙe baya, ya lalubi murfin kwalbar ya cire da kansa, ya danna kira.

Mai allo ya tafi da abinsa, don haka ni ma ba na ganin komai. Ƙarar ɗauka kawai muka ji.

"Babba, ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

Daga nan babu abin da ya ƙara fitowa daga lasifikar sai numfashi, da wani ɗan jan hanci da ake ƙoƙarin ɓoyewa. Baba ya jira, ya karkata kunne.

"To ni ba na ganinka," ya ce. "In ka yi shiru, babu kai a ɗakin nan. Yi min magana."

Yaya ya yi gyaran murya. Mutumin da kiransa ba ya wuce ya jiki, an sha magani, sai an jima, ya fara lalube yana neman abin faɗa. Ya ce motarsa ce ta ƙi tashi da safe, sai da maƙwabta suka tura. Ya ce ƙaramar 'yarsa haƙori ya fita, tana ta bin mutane tana nuna musu gurbin. Ya tsaya, kamar yana jin kunyar ƙanƙantar labarin.

Baba ya matso da kujerarsa kusa da lasifikar.

"Na sama ko na ƙasa?" ya ce.